Cin amarci a gonakin inabi na Cape alhali ba ku shan giya

Wani ango ya aiko mini da tambaya. Ya ce amaryarsa ta ga hotunan gonakin inabi na Afirka ta Kudu, ta kafe a kan can za su je cin amarci, kwana bakwai. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya bar manyan gonakin da kowa ke tururuwa, ya nemi ƙanana waɗanda iyali ɗaya ke riƙe da su. Damuwarsa ita ce su biyun Musulmi ne, ba sa shan giya, kuma ya ji an ce abin da ke kai mutane wurin shi ne ɗanɗana giya. Tafiyar za ta yi musu amfani, ko asarar kuɗin jirgi kawai za su yi?

Ango, da farko Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Na yi shekaru ina zaune a Cape Town, kuma na sha kai baƙi waɗannan kwaruruka, ciki har da ma'aurata irinku. Amsata ita ce tafiyar za ta yi, amma sai kun je a matsayin masu ziyarar gona, kun kuma faɗa wa mai gonar haka tun kafin ku taka ƙofarsa. Abokin aikinka ya faɗi gaskiya game da ƙananan gonaki, sai dai shi yana tunanin mai sha ne. Ga wanda ba ya sha, ƙaramar gona tana iya zama mafi daɗin wurin da za ku je, tana kuma iya zama wurin da za ku fi jin kunya, kuma bambancin yakan zo ne daga kiran waya ɗaya.

Ka fara fahimtar abin da ake nufi da ƙaramar gonar iyali a can. Babbar gona tana da ma'aikatan tarbar baƙi, gidan cin abinci ɗaya ko biyu, kantin tsaraba, lambu, wurin wasan yara. Ka shiga ka yi yawonka ka fita, babu wanda ya damu da ko ka sha ko ba ka sha ba. Ƙaramar kuwa sau da yawa ɗaki ɗaya ne a jikin rumbun da ake ajiye ganguna, da teburi da kujeru kaɗan, wanda zai tarbe ka kuma shi ne mai gonar da kansa, ko matarsa, ko ɗansa da ya karanta aikin a jami'ar Stellenbosch ya dawo gida. Mutumin ya bar aikinsa ya zo ya zauna da kai. A al'adar wurin ana biyan ɗan kuɗi kafin a ɗanɗana, wasu kuma sukan yafe kuɗin idan ka sayi kwalba, don haka lissafinsa shi ne za ka tashi da kwalaye a bayan mota. To ka ga idan kun shigo bagatatan, ya jera kofuna shida a gabanku, sannan ka ce masa ai ku ba kwa sha, kun saka shi cikin ruɗu, kun saka kanku. Na taɓa yin wannan kuskuren a farkon zuwana. Na kai wasu baƙi wata gona ba tare da na kira ba, ana tsakiyar girbi, mai gonar ya fito hannayensa jawur da ruwan inabi har gwiwar hannu, ya yi mana fara'ar dole ta minti biyar, muka fita kowa yana kallon ƙasa. Laifina ne, ba nasa ba.

Abin da za ka yi shi ne ka rubuta musu ko ka kira da kwana biyu ko uku. Ka ce sabon aure kuka yi, ba kwa shan giya saboda addini, kuna son a zagaya da ku cikin gonar a nuna muku yadda ake noman, kuma za ku biya kuɗin lokacin da aka ba ku. Kada ka yi kwana-kwana. Mutanen Cape sun san Musulmi sarai, shekara fiye da 300 suna zaune tare, ba za ka zama abin mamaki ba. Wasu za su ce ba su da abin da za su yi muku, ka gode musu ka nemi wata. Wasu kuma za su yi murna fiye da yadda kake zato, don manomi ko'ina yake yana son wanda zai tambaye shi game da ƙasarsa da ruwansa. Akwai wata tsohuwa da ta taɓa ajiye makullin ɗakin ɗanɗanon gaba ɗaya, ta ɗauki almakashi ta ja mu cikin kuranga, tana tsinko mana inabi kala-kala tana sa amaryar da na kawo ta faɗi wanne ya fi zaƙi. Mun yi awa biyu a wurin. Abin da muka saya man zaitun ne da kwalbar zuma.

Kafin ka yi wannan kiran, akwai maganar da ya kamata ku gama tsakaninku a gida. Haramcin giya a suratul Ma'ida ba abin muhawara ba ne, kuma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Don haka ɗakin ɗanɗano, a ganina, ba wurin zamanku ba ne, ko da ruwa za a zuba muku. Tafiya cikin gona, kallon tsofaffin gine-gine, hawan tsauni, cin abinci a ƙarƙashin bishiya ku biyu, wannan wani abu ne dabam. Sai dai akwai waɗanda ko kuɗinsu ba sa son ya shiga aljihun mai sana'ar giya, ko da zaitun suka saya a hannunsa. Wannan ra'ayi ne mai ƙarfi kuma na ga mutanen kirki a kansa. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi, kai da amarya ku tsayar da iyakarku tun kuna gida. Abin da ba na so shi ne ku tsaya a bakin ƙofar mutane kuna jayayya, ita tana son shiga don hoto kai kana ja da baya. Idan kun zaɓi ra'ayin na biyu ma tafiyar ba ta lalace ba, zan zo kan wannan.

Yanzu wurin. Garuruwa uku ne zuciyar yankin: Stellenbosch, kimanin kilomita 50 daga Cape Town, sai Paarl, sai Franschhoek wadda ta fi su nisa kaɗan, can cikin lungun duwatsu. Gwamnan Turawan Holan, Simon van der Stel, shi ya kafa Stellenbosch a 1679, shekara 20 bayan Jan van Riebeeck ya matse inabin farko a Cape a watan Fabrairun 1659. Franschhoek kuwa ma'anar sunan shi ne lungun Faransawa, saboda Kiristoci 'yan Furotesta da suka gudo daga Faransa bayan sarkinsu ya soke 'yancin addininsu a 1685, suka fara isowa a 1688. Shi ya sa za ka ga gonaki da sunayen Faransanci alhali masu su harshen Afirkans suke yi. Hotunan da amaryarka ta gani, fararen gidaje masu rufin ciyawa da ado a goshinsu, duwatsu a baya, kuranga a jere kamar an ja su da zare, mafi yawansu daga waɗannan wurare uku ne.

Idan ni ne, Stellenbosch zan sauka kwana uku na farko. Gari ne na gaske mai jami'a da kantuna da asibiti, ana iya yawo a ƙafa ƙarƙashin manyan itatuwan oak, kuma yana da tsohon masallaci a titin Banhoek inda za ka samu jam'i da Juma'a. Franschhoek ta fi kyau a hoto, amma ƙaramin gari ne da ya koma na masu yawon buɗe ido kacokan, komai da tsada, kuma kusan duk gidan cin abincin da za ka shiga an tsara abincin ne don ya tafi da giya. Ku je ku yini ku dawo. Hanyar da ta haɗa garuruwan biyu tana hawa ta mashigin Helshoogte, kuma ita kanta abin kallo ce. Akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa a Franschhoek da ke zagayawa da mutane gona-gona. An yi shi ne don masu sha su huta da tuƙi, zuwa la'asar kuma yawancin fasinjojin sun yi nisa. Ku bar musu.

Ga wata gona da nake son ka sani saboda labarinta ya dace da masu sabon aure. Sunanta Muratie, a gindin dutsen Simonsberg, iyalin Melck ne ke riƙe da ita. An ba wani tsohon sojan Bajamushe mai suna Laurens Campher filin a 1685. Yana son wata baiwa da ake kira Ansela van de Caab, wadda aka haifa cikin bauta a Cape Town, kuma kamar yadda ake ba da labarin a gonar, shekara da shekaru yana takawa a ƙafa daga nan har Cape Town don ya gan ta, har ranar da aka 'yanta ta ya ɗauko ta da 'ya'yansu ya kawo ta gonar. Ɗan ƙaramin gidan da suka zauna yana nan, akwai kuma wata tsohuwar bishiya da ake cewa ita ta dasa. Ka kai amarya ta gani, amma ka shirya, don daga ranar duk lokacin da ka ce ka gaji ba za ka iya zuwa ɗauko ta daga gidansu ba, za a tuna maka da Laurens. Akwai irinsu da dama. Meerlust tana hannun iyalin Myburgh tun shekarun 1750. Kanonkop ta iyalin Krige ce, ta yi suna da Pinotage, wato irin inabin da wani farfesa mai suna Abraham Perold ya samar a 1925 ta hanyar haɗa iri biyu, wanda ya zama tambarin ƙasar. Simonsig ta iyalin Malan ce, kuma Frans Malan na cikin mutum uku da suka ƙirƙiro tsarin buɗe ƙofofin gonaki ga baƙi a Stellenbosch a 1971. Waɗannan sun girma sun wuce a kira su ƙanana, amma har yanzu iyali ne ke tafiyar da su. Na ƙanana sosai, mai masaukinku ya fi intanet saninsu. Ka tambaye shi wace gona ce shi da kansa yake kai surukansa.

Labarin Ansela ya kawo ni kan abin da na fi son ka tafi da shi a zuciya. Waɗannan gonaki bayi ne suka gina su. Tun daga 1658 Turawan Holan suke kawo bayi Cape, daga baya mafi yawa daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunusiya, kuma su ne suka yi dashen, suka yi girbin, suka ɗora tubalin fararen gidajen nan. A gonaki da yawa za ka ga wani farin gini siriri mai ƙararrawa a rataye. Mutane suna tsayawa su ɗauki hoto a jikinsa suna dariya. Ƙararrawar kiran bayi aiki ce. An soke bauta a ranar 1 ga Disamba 1834, amma aka tilasta musu ci gaba da aiki har 1838. Ƙauyen Pniel da za ku ratsa tsakanin Stellenbosch da Franschhoek an kafa shi ne a 1843 don waɗanda aka 'yanta. Bayan bauta sai aka koma wani tsari da ake kira dop, inda ake biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya, safe da rana da yamma. An hana shi a doka tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990, kuma illarsa tana nan a jikin iyalan ma'aikata har yau. A 2012 leburorin gonakin inabi a De Doorns suka yi yajin aiki mai zafi, wanda ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105. Ban faɗa maka wannan don in ɓata maka amarci ba. Na faɗa ne don idan kun je ku gaisa da matan da ke sunkuye cikin kuranga, ku ba wanda ya yi muku hidima tukuici mai kyau, kuma idan hira ta yi daɗi ka tambayi mai gonar yadda ma'aikatansa suke zaune. Wanda yake kyautata musu ba ya jin haushin tambayar, har ma yakan ja ka ya nuna maka makarantar yaransu.

Cikin waɗancan mutane da aka kawo akwai Musulmi, kuma nan ne za ka ga ba baƙo ba ne kai a wannan ƙasa kamar yadda kake tsammani. A 1694 Turawan Holan suka kawo Shehu Yusuf na Makassar, babban malami da ya yaƙe su a tsibirin Java, suka ajiye shi da iyalinsa da almajiransa a gonar Zandvliet kusa da inda kogin Eerste ya faɗa teku. Kogin nan shi ne wanda ya ratsa Stellenbosch. Ya rasu a 1699, hubbarensa yana kan wani tudu a wurin da yanzu ake kira Macassar, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga masaukinku. A Constantia kuma, unguwar inabi mafi tsufa, wadda van der Stel ya kafa gonarsa a cikinta a 1685, akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, wanda aka kawo daga Sumatra a 1668. Yana nan cikin itatuwa a bakin gonar Klein Constantia, kusa da wani ɗan rafi. Giyar wannan yanki ce ake aika wa Napoleon lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena, ga kuma kabarin malamin Musulunci a ƙofar gonar. Ranar da na fara tsayawa a wurin na daɗe ban ce komai ba. Ku je ku yi musu addu'a. Idan kun koma cikin Cape Town ku yi sallah a masallacin Auwal da ke Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794, mafi tsufa a ƙasar, inda wani malami da ake kira Tuan Guru ya yi limanci bayan ya fito daga kurkukun tsibirin Robben, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka.

Sai abin sha da abinci, inda mutanenmu suka fi zamewa. Ka lura da kalma ɗaya tun a Hausa: wasu suna cewa ruwan inabi suna nufin giyar, wasu suna nufin ruwan da aka matse bai tsimu ba. A can ma akwai irin wannan ruɗanin. Giyar inabi ba komai ba ce illa ruwan inabin da yis ya cinye sukarinsa ya mayar da shi barasa, kamar dai yadda ake tsima dawa ta zama burukutu. A lokacin zafi ruwan da aka matse yana iya fara tsimuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, don akwai yis a jikin ɓawon inabin tun daga gona. Saboda haka idan lokacin girbi aka ɗebo muku daga tanki, ka tambaya yaushe aka matse. Na ranar ba shi da matsala, kuma ba ka taɓa shan abu mai zaƙinsa ba. Na shekaranjiya ka bar shi. Na kwalba kuma iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla wanda aka dafa ko aka tace don kada ya tsimu, wani har da iskar gas a ciki yana kumfa, gonaki da yawa suna yin nasu. Akwai kuma wanda aka rubuta wa "de-alcoholised". Wannan giya ce cikakkiya aka yi, sannan aka zare barasar da inji, kuma yakan rage ɗan kaɗan, har zuwa kashi 0.5 cikin 100. Wata yarinya mai hidima ta taɓa zuba wa baƙina shi da zuciya ɗaya tana cewa babu barasa a ciki, sai da na juya kwalbar na karanta. Ka riƙa karantawa da idonka. Idan kun rasa komai, Grapetiser da Appletiser, lemun kwalba na ruwan inabi da na tuffa, suna ko'ina, ga shayin rooibos da ake nomawa a duwatsun Cederberg. Ka kuma nemi wani inabi da suke kira hanepoot, manyan 'ya'ya masu ƙamshi, ana sayar da shi a bakin hanya wajen Fabrairu da Maris.

Farantin da ake kawowa a gonaki, mai burodi da cuku da yankakken nama, kusan kullum akwai naman alade a ciki. Ku ce a kawo na cuku da zaitun da 'ya'yan itace kawai. Miyar nama sau da yawa da giya ake dafa ta, akwai kuma wani kayan zaƙi da ake jiƙawa da giyar barandi, don haka ka tambaya ko da kifi ka zaɓa. Biltong, busasshen namansu mai kama da kilishi sai dai ya fi kauri kuma babu ƙuli a jikinsa, ku saya a mahautar Musulmi. Neman halal a wannan lardi na Western Cape ba wahala ba ne. Ka duba tambarin MJC ko SANHA, ƙungiyoyin da ke tantance halal, a ƙofar shago ko jikin kaya. Dabarar da na fi ba mutane ita ce su sayi abincinsu a gari da safe, su tambayi gonar ko za a bar su su shimfiɗa a lambu. Wasu ba sa yarda a shigo da abincin waje, shi ma ka tambaya a wayar nan. Kada ku bar ƙasar ba ku ci girkin Musulmin Cape ba: bobotie, da bredie, da koesister da ake ci ranar Lahadi da safe.

Idan kun tsayar cewa ba za ku taka gonar giya ba sam, duwatsun da kwarurukan ba na masu giya kaɗai ba ne. Kwarin Hex River, bayan Worcester, inabin ci ake nomawa a cikinsa, kuma wajen Afrilu da Mayu ganyen yakan koma ja da ruwan ɗorawa tun daga bakin titi har gindin dutse. Riebeek-Kasteel a Swartland garin zaitun ne. Elgin ta tuffa ce, Ceres ta 'ya'yan itace iri-iri, kuma daga wajen Oktoba zuwa Disamba akwai gonakin strawberry a hanyar shiga Stellenbosch inda ake ba ka bokiti ka tsinka da hannunka. Tsakanin Paarl da Franschhoek kuma akwai gidan yarin da Nelson Mandela ya fito daga cikinsa ranar 11 ga Fabrairu 1990, da mutum-mutuminsa a ƙofa.

Lokacin tafiya ya danganta da abin da kuke so, kuma ka tuna yanayinsu kishiyar na Turai ne. Girbi yana farawa ƙarshen Janairu ya kai Maris, wani wuri har Afrilu. Lokacin ne inabi ke rataye a jikin kuranga, taraktoci suna kai da kawowa, amma lokacin ne kuma mai ƙaramar gona ba shi da sukunin zama da kai, ga zafi, don Paarl a Fabrairu takan yi rana kamar ta Sakkwato a wasu ranaku. Tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu hutun 'yan ƙasar ne, masauki ya yi tsada, hanyoyi sun cika. Yuni zuwa Agusta sanyi da ruwan sama, kurangar ta zubar da ganye ta zama ƙirare, hoton da amarya ta gani ba za ta same shi ba, ko da yake masauki yana araha kuma lokacin ne ake ganin manyan kifayen whale a Hermanus. Ni na fi son ƙarshen Maris zuwa Afrilu, an gama girbi, manomi ya huta yana son hira, ko kuma Oktoba da Nuwamba lokacin da komai ya yi kore shar. Ka duba kalanda kada ta faɗo muku cikin azumi. Ka kuma lura a Disamba da Janairu magariba sai wajen ƙarfe takwas na dare, alƙibla kuma ba gabas take ba kamar gida, kusan arewa za ka fuskanta, ka ɗan karkata dama.

Gona biyu a yini ta isa, ɗaya da hantsi ɗaya bayan la'asar. Masu sha sukan yi huɗu ko biyar don kofuna suke bi. Ku da kuke bin hira da kallo, ta uku gajiya ce kawai, kuma amarci kuka je ci. Ƙananan gonaki da yawa suna rufe ranar Lahadi, wasu ma daga azahar ɗin Asabar. Wajen mota kuna da sa'ar da sauran baƙi ba su da ita, tunda babu mai sha a cikinku ba kwa buƙatar ɗaukar direba. Ka yi hayar mota a filin jirgi, ka tuna ana tuƙi ne ta hagu, sitiyari a dama, ka ba kanka yini guda kafin ka saba. Uber yana aiki cikin Stellenbosch, amma yana iya kai ka wata gona a lungu ka rasa mai dawo da kai. Ka yi hattara da yamma a ƙananan hanyoyi, musamman ƙarshen mako, don ba kowa ne ya fito daga ɗakin ɗanɗano ya bar wa wani sitiyari ba. Kada ku bar jaka a kujerar mota, kada ku tsaya a gefen babbar hanya da dare. Tukuici a gidan cin abinci kashi 10 zuwa 15 ne cikin 100.

Mai fasfo ɗin Najeriya yana buƙatar biza, kuma ka nema da wuri sosai, kafin ka biya kuɗin masaukin da ba a mayarwa. Ka haɗa da takardar aure, musamman idan fasfo ɗin amarya bai nuna wata alaƙa da kai ba. Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne, ana tambayarsa. Daga Legas zuwa Johannesburg kimanin awa shida ne, daga can zuwa Cape Town awa biyu, sai kuma ɗan tuƙin da bai kai awa ɗaya ba zuwa Stellenbosch. Tsarabar gida kuma, man zaitun da zabibi da rooibos da moskonfyt, wani ruwan inabi ne da ake dafawa har ya yi kauri kamar zuma ana shafa wa burodi. Shi ma ka tambaya da wane irin ruwa aka dafa, don wasu sukan bari ya ɗan tsimu kafin su ɗora a wuta. Kwalaben ka naɗe su cikin zannuwan amarya ka saka a babbar jaka, ba za a bar ka ka shiga jirgi da su a hannu ba.